Wanda Zai Fara Kiran Sunan Maman Lawali

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha takwas ga watan Afirilu na 1995, cikin Zulƙida, ana gab da kiran azahar, Allah ya karɓi ran Maman Lawali mai gyaran injin ban ruwa, na unguwar Sabon Gari a nan Maraɗi. Sanƙarau ne, wannan da ya shigo mana tare da zafin bana yana kwasar yara da manya. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa. Ya bar mai ɗakinsa Tsahara, da ɗansa Shamsu, da ɗiyansa mata Atika da Ramatu, da jikoki. Ya kuma bar garka guda a Jiratawa, da wasu dattawa masu taurin kai waɗanda ba su san inda za su zauna ranar Lahadi ba. Ni Alhaji Ya'u ina cikinsu.

Maman, ni ba marubuci ba ne. A aji uku na bar kwalej na kama sayar da fetur a kwalabe bakin hanyar Ɗan Isa, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Yau motocina na zuwa Kwatano su dawo, ba wanda ya ɗora ni sai Allah. Mutanen da ke iya kallon idona su ce na yi kuskure ba su da yawa a garin nan. Kai kaɗai ne kake faɗa mani haka duk mako, gaban jama'a, ina dariya.

Wanda bai san mu ba zai yi mamaki, don haka bari in yi bayani. Mu wasu mutane ne masu kaɗa gurmi don jin daɗin kanmu. Gurmi dai kowa ya san shi: 'yar ƙwarya, fata, sanda da tsirkiya biyu. A cikinmu akwai tela, akwai mahauci, akwai malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya yi ritaya, akwai manoma, akwai ni. Ba maroƙi ko ɗaya. Duk shekara, da zarar bazara ta kama, ɗakuna suka zama tanda, aikin gona bai taso ba, sai mu nemi inuwa ranar Lahadi bayan la'asar mu yi ta kiɗa har a kira magariba. Da hadarin farko ya zubo, kowa ya rataye gurminsa sai baɗi. Maman, kai ka tara mu tun zamanin soja, kuma kai ka ƙera wa yawancinmu abin kiɗan da hannunka, ba ka taɓa karɓar ko goro ba.

Ranar da na fara zuwa, na zo ne da mota, da babbar riga, ina tsammanin za a tashi a ba ni wuri. Ka dube ni ka ce, "Alhaji, tabarma ce dai, duk inda ka samu." Ka miƙo mani gurmi. Na kaɗa, na kaɗa, ina jin kaina. Da na gama ka ce, "To, madalla. Jirgin da ya kai ka Makka ma ya fi wanga kiɗi taushi." Kowa ya fashe. Na so in yi fushi, sai na ga har mahaucin ana yi mashi haka. Tun ran nan ban fasa zuwa ba, kuma har ka koma ga Allah ba ka taɓa cewa na iya ba. Na gode maka da wannan. Masu ce mani na iya sun isa.

Dokokinka ba su da yawa. Ba a liƙa wa kowa kuɗi. Da an ji kiran salla hannu ya sauka, ko ana tsakiyar waƙa. Sai babbarsu: sunan mai rai ba ya shiga bakin gurmi. A yi waƙar gulbi, a yi ta gero, a yi ta raƙumi da jaki, a yi ta tsufa, amma ba a ambaton wanda ke numfashi, sarki ne ko talaka. Ka ce mana sunan mai rai in ya shiga kiɗa, ko dai ana son abin hannunsa, ko ana son a zubar mashi da mutunci, mu kuwa ba mu fito don ɗaya daga ciki ba.

Matattu ne kawai muke kira, su ma a wuri guda. Akwai wani kiɗi mai sanyi da muke rufe zama da shi idan rana ta yi ja, muna ce mashi Rakiya. A cikinsa ake jero sunayen waɗanda suka taɓa zama tabarmar nan suka riga mu gidan gaskiya, kowane suna a ce Allah ya jiƙansa, sannan a shafa fatiha a tashi. Duk wanda ya zauna da mu ko sau biyu ya san abin da shiga Rakiya ke nufi.

Akwai kuma wata al'ada da ka kafa a kaina. Abdurrazak tela shi ne na farko da ya rasu a cikinmu, kuma a lokacin ni da shi ba ma magana. Shadda na kai mashi, wadda zan sa in sauka daga aikin hajji, ya yanke ta ta tsaya mani a gwiwa, ya kuma rantse cewa ni ne na ƙara tsawo. Har gobe ina nan a kan bakana, rigar nan ta gajarce. Da Lahadi ta zo bayan addu'ar bakwai, aka zo Rakiya, sai ka ɗora hannu a kan tsirkiyarka ka ce, "Ya'u, kai za ka fara kiran shi." Na ce ga aminansa nan zaune, mi ya kai ni? Ka ce, "Aminai sun riga sun yafe. Wanda ke da sauran magana da mamaci shi ke fara kiran sunansa, don a binne maganar tare da shi." Na kira shi.  Tun daga ranar haka muke yi wa kowa, kuma ban taɓa ganin wanda ya kira sunan abokin gabarsa a Rakiya ya tashi da sauran nauyi a ƙirji ba.

Maman, in na tuna wuraren da muka zauna, sai in ga kamar labarin garin nan nake karantawa. Da farko a ƙofar shagon Abdurrazak muke, nan Sabon Gari, ƙarƙashin dogon yaro. Mata na leƙowa ta katanga, masu wucewa na tsayawa da kekunansu. Bayan Taron Ƙasa, da aka buɗe ƙofar jam'iyyu, magadansa suka ba da shagon haya ga wata jam'iyya, aka shafe bangon da fenti, aka kafa tuta a jikin itacen. Ka ce mu tashi, wanda ya zauna ƙarƙashin tuta ya zama nata ko bai so ba. Muka koma gindin wata tsamiya a hanyar Tibiri. Bazara guda muka yi a can lafiya. Ta biyu ta faɗo lokacin zaɓe, wasu suka kai labari cewa muna mitin a ɓoye, wasu kuma suka ce ai bori muke. Wata Lahadi muka tarar an zuba ƙaya da kashin shanu a inda muke shimfiɗa. Ka naɗe tabarma. Muka gangara cikin yashin gulbi, inda iska ke ɗan motsi da yamma. Can ma ba mu daɗe ba. Shekarar da aka karya darajar kuɗi, yajin aiki ya bi yajin aiki, samari suka riƙa taruwa a gulbin suna shirya inda za su ƙona taya. Wata rana muna kiɗa hayaƙi ya rufe mu, muna jin ihu daga cikin gari, ba mu san ko na wane ɓangare ba ne.

Daga nan ka ce mu zo garkarka a Jiratawa. Itatuwan mangwaro ne da mahaifinka ya dasa, ruwa na bin kwalbati a gefe, ƙasa da sanyi ko rana ta kai ina. Ka kafa sharaɗi guda: duk mai hular jam'iyya ko ƙyallenta ya rataye a ƙofar shinge ya shigo. Na sha ganin huluna masu launi daban-daban rataye a kan ƙaya ɗaya, masu su kuma na ciki suna gardama a kan wa ya ɓata kiɗa. A Maraɗin yau, inda ɗan'uwa ke ƙin zuwa sunan ɗan'uwansa saboda ƙuri'a, inda aka raba majalisun shayi, aka raba tashar kabu-kabu, har wasu suka sauya masallacin da suke salla, ban san wani wuri da ya rage kamar wannan ba. Bayan garkar nan ba mu da wajen zuwa. Ka sani, mu ma mun sani.

Yanzu zan zo ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, domin gari ya cika da ita, kuma gara a ji daga bakin wanda yake wurin.

Sha'ibu mai sayar da kayan keke shi ne ya fi mu hannu duka. Kai da kanka ka koya mashi, ka kuma ce ya wuce ka. Karyewar kuɗi ta karya mashi kanti, iyali ga su da yawa, sai wata jam'iyya ta ja shi yana yi mata kiɗa a mitin. Ba ka kore shi ba. Ka ce abin da mutum ya yi a waje tsakaninsa ne da tukunyar gidansa, in ya zo ya rataye hula. Amma mutanensa ba su bar shi ba. Suka matsa mashi ya kawo mu gaba ɗaya mu yi wa ɗan takararsu wasa, ka ƙi. Da yake Shamsu ɗanka yana cikin ɗaya jam'iyyar, sai suka ce ai ga dalili, garkar Maman Lawali sheƙar abokan hamayya ce. Suka riƙa yi wa Sha'ibu gori cewa yana cin tuwonsu yana yi wa wani biyayya.

Lahadi ta biyu bayan ƙaramar salla ya zo da hularsa a kai, wasu matasa na bayansa a kan babura. Su suka tsaya bakin shinge ba su kashe injin ba. Shi ya shigo ya zauna, bai gaida kowa ba. Ka dubi hular, ka dube shi, ka ɗauki gurminka. Aka yi kiɗa ba daɗi. Da rana ta yi ja aka ɗauko Rakiya, shi ke ja kamar yadda ya saba. Ya kira Abdurrazak tela, muka amsa. Ya kira sauran, muka amsa. Inda ya kamata ya sauke hannu, sai ya waiga wajen shinge, ya ɗaga murya ya ce, "Maman Lawali na Sabon Gari, Allah ya jiƙansa."

Ba wanda ya amsa. Na bakin shinge suka yi shewa. Ni na miƙe, kuma Allah ya sani ba gaisuwa na tashi yi ba. Ka riƙo gefen rigata ka zaunar da ni. Sannan ka ce, da muryar nan taka da ba ta hawa, "Ka yi gaggawa, Sha'ibu. Amma ba ka yi ƙarya ba, duk muna bisa hanya." Ka ƙara da cewa, "Tsirkiyarka ta ƙasa ta saki, ka ɗaure ta." Ka tashi ka zaɓo mangwaro nunannu ka ƙulle mashi a ƙyalle ka ce ya kai wa yara. Ya karɓa ya fita. Bai sake zuwa ba.

Bayan 'yan makonni ka ce wuyanka ya riƙe. Ka ɗauka iska ce ta buge ka a wajen gyaran inji. Kafin gari ya waye sau biyu zazzaɓi ya rufe ka. Ni na ɗauke ka a motata zuwa asibiti, Tsahara na riƙe da kanka a baya. Abin da na gani can ba zan manta ba: ɗakuna sun cika, an shimfiɗa marasa lafiya a ƙarƙashin itatuwa, iyaye mata na yi wa 'ya'yansu fifita, ma'aikata na gudu ba su ko zauna ba. Yara nawa aka fitar a gabana ranar? Su kuma wa ya kira sunansu a waƙa? Ina tambayar masu yawo da magana a gari. Sanƙarau bai san gurmi ba, bai san jam'iyya ba. Ajali ne, kuma Mai shi bai taɓa neman taimakon makaɗi ba.

Amma gari ya riga ya ɗauka. Tun ba mu dawo daga maƙabarta ba ake raɗa cewa Sha'ibu ya yi wa Maman Lawali Rakiya da ransa, ga shi ta kama. A wajen zaman makoki na ga abin da ban taɓa gani ba: tabarmi kashi biyu, waɗannan a gabas, waɗancan a yamma, kowa na kallon wanda ya shigo ya ga ina zai nufa. Sha'ibu bai zo ba. Ranar jana'iza na hango shi can nesa a bayan wata katanga, bai matso ba har aka watse. Kantinsa a rufe. Shekaranjiya da safe matarsa ta buɗe ƙofar gida ta tarar an jingine tsohuwar taya a bakin zaure, da kwalbar fetur a tsakiyarta. Ba a kunna ba. An dai ajiye. Ni da na fara neman abinci da kwalbar fetur na san abin da guda ɗaya ke iya yi wa gidan da ke da rufin kara. Su ma mutanen jam'iyyarsa na ji sun ce in aka taɓa shi ba za a bar itace ɗaya tsaye a garkar Jiratawa ba. Wuta dai in ta tashi ba ta tambayar gidan wa ta fara.

Shamsu, ɗana, da kai nake yanzu. A hannuna aka yanka ragon sunanka, don haka ina da bakin magana. Ban ce kai ka ajiye tayar nan ba. Amma na ga abokanka zaune a kan babura a ƙofar gidan mahaifinka ba sa shiga addu'a, kuma na ga yadda suke yin shiru in na wuce. Zuciyarka na ƙuna, tawa ma haka. Abin da Sha'ibu ya yi rashin kunya ne, ba zan wanke shi ba, kuma ni ne na fara miƙewa a kansa. Sai dai akwai abin da ba ka ji ba, domin ka tafi neman magani a lokacin. Ranar Litinin da hantsi mahaifinka ya farfaɗo na ɗan lokaci, ya gane mu. Ya kama yatsana ya ce, "Ya'u, ka san wanda zai fara." Na yi kamar ban gane ba. Ya ce, "Kai dai kada ka yi mani gardama yau. Ka je ka ɗauko shi." Mahaifiyarka na zaune, ta ji. Tambaye ta. Bayan wannan bai sake wata magana ba sai kalmar shahada.

To ga abin da zan yi, kuma na rubuta shi ne don kowa ya sani tun da wuri. Ranar Lahadin da ke biye da addu'ar bakwai, bayan la'asar, zan tsaya da motata a ƙofar gidan Sha'ibu, in ɗauke tayar nan da hannuna in ba a riga an ɗauke ba, in sa Sha'ibu a gaba kusa da ni, mu bi tsakiyar gari gilashi a sauke har Jiratawa. Zai rataye hularsa a ƙaya. Zai ja Rakiya, kuma shi zai fara kiran sunan Maman Lawali, wannan karon a kan lokacinsa. Wanda ke da niyyar tare hanya ya san motata, ya kuma san ni ba na juyawa. Ban yi wa kowa alkawarin za a tashi lafiya ba. Na ga yadda garin nan ya koma, na ji abin da ake faɗa a rediyo daga Yamai, manya na can sun kasa zama ɗaki ɗaya, kuma iskar da ke kaɗawa ba ta yi mani kama da ta ruwa ba. Mai yiwuwa wannan ce bazara ta ƙarshe da za a ji gurmi a garkar nan. Amma saƙon mamaci ne, ni kuwa ban taɓa karɓar kaya na kasa kai su ba.

Sha'ibu, in wani ya karanta maka wannan, ka ɗaure tsirkiyarka ta ƙasa. Shamsu, akwai wurinka a tabarma, inda mahaifinka ke zama. In an kira sunan, muna buƙatar wanda zai fara amsawa, kuma bai kamata ya zama ni ba.

Maman, ka gyara wa manoman Jiratawa injuna a tsakar rana ka ce su biya in albasa ta yi. Ka ɗauki gawar baƙon da ba a san danginsa ba. Ka zaunar da mahauci da alhaji a tabarma ɗaya ba wanda ya ji an rage shi. Ba ka taɓa barin kiɗa ya ci maka salla ba. Mun shaida, kuma muna roƙon Allah ya karɓi shaidarmu. Allah ya gafarta maka, ya yafe kurakuranka, ya sanyaya makwancinka fiye da inuwar da ka ba mu, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah ya jiƙan yaran da aka binne rana ɗaya da kai, ya ɗauke mana wannan annoba, ya kuma kashe wadda ke cikin zukata kafin ta kama rufin wani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Tsahara, wadda ta yi haƙurin zama da mutumin da ke cika mata gida da ƙwarya da fata, Allah ya ba ki juriyar takaba. Ga Atika da Ramatu da 'ya'yansu, Allah ya zama gatanku. Ga manoman Jiratawa da mutanen Sabon Gari, da 'yan'uwana na tabarma, na gabas da na yamma. Ga Shamsu, Allah ya ba ka zuciyar ubanka. Ga Sha'ibu ma ina yi maka ta'aziyya, domin kai ma uba ka rasa, kuma kai kaɗai ne a cikinmu ba ka samu inda za ka zauna ka yi kuka ba.

Allah ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Sai Lahadi, in da rai.

Alhaji Ya'u
Sabon Gari, Maraɗi